Fayil ɗin ɗan sanda a kotun ɗaukaka ƙara: yadda ake yi a Kalifoniya

Shin wanda ake tuhuma zai iya ganin fayil ɗin ɗan sandan da ya kama shi?

Da idonsa dai a'a. A jihar Kalifoniya ta Amurka, doka ta sa fayil ɗin aikin ɗan sanda cikin sirri. Sai dai tun hukuncin da Kotun Ƙolin jihar ta yanke a shari'ar Pitchess a 1974, lauyan wanda ake tuhuma na iya roƙon alƙali ya duba masa. Majalisar jihar ta mayar da tsarin doka a 1978. Dole lauya ya kawo dalili, kamar cewa ɗan sandan ya shirga ƙarya a rahotonsa ko ya yi amfani da ƙarfi fiye da kima.

Wa ke buɗe fayil ɗin?

Alƙali ne, a ofishinsa, tare da jami'in da ke riƙe da takardun. Lauya ba ya shiga. Abin da yakan samu galibi sunaye da adireshin waɗanda suka taɓa kai ƙorafi kan ɗan sandan, sai ya bi su da kansa.

To idan an yanke hukunci aka ɗaukaka ƙara fa?

Nan gizo ke saƙar. Lauyan da ke ɗaukaka ƙarar bai ga fayil ɗin ba, ta ina zai ce alƙali ya yi kuskure? Shi ya sa a shari'ar Mooc ta 2001 kotu ta wajabta wa alƙali ya ajiye bayanin takardun da ya duba, a rufe su. Lauya sai ya nemi alƙalan ɗaukaka ƙara su buɗe su duba da kansu. A ganina raunin tsarin ke nan, domin mutum na jayayya ne kan abin da ba a nuna masa ba.

Idan an gano kuskure, za a saki wanda aka yanke wa hukuncin?

Ba lallai ba. Bisa shari'ar Gaines ta 2009, ana mayar da batun kotun farko a sake dubawa. Ba za a sake shari'a ba sai ya nuna cewa da ya samu bayanan tun farko, akwai yiwuwar hukuncin ya canza.

Akwai abin da ya fita daga sirri?

Akwai. Daga 1 ga Janairun 2019, dokar SB 1421 ta ba kowa damar neman bayanai kan harbin da ɗan sanda ya yi, da laifin ƙarya ko cin zarafi ta hanyar lalata da bincike ya tabbatar a kansa.