Kiɗan goge a kan mandolin: tambayoyi da amsoshi

Wane goge ake nufi, kuma mece ce mandolin?

Gogen Turawa mai tsirkiya 4 ake nufi, wanda makaɗan ƙauye a Ailan, Sikotlan da tsaunukan Appalachia na Amurka suke cashe rawa da shi. Mandolin kuwa 'yar ƙaramar molo ce da ta yi suna a Napoli ta Italiya tun ƙarni na 18. Tsirkiyarta 8 ce, an jera su bibbiyu, ana kaɗa su da 'yar roba mai faɗin farce.

Me ya sa kiɗan wannan yake hawa waccan?

Ɗaurin tsirkiyoyinsu ɗaya ne, a kan muryoyin da Turawa ke kira G, D, A, E. Inda mai goge zai aza yatsa, nan mai mandolin zai aza nasa. Har ma ya fi samun sauƙi, domin an gindaya masa ƙarafa a wuyan abin, ba ya laluben murya da kunne.

To ina wahalar take?

A hannun dama. Mai goge yana jan murya ɗaya iya son ransa, ko ya haɗe uku a ja guda. Mandolin kuwa da ka kaɗa, sautin ya fara mutuwa. Dole kowace murya ta sami nata bugun, kuma kiɗan rawa ba ya jiran kowa. A salon kiɗan rawar da ake kira reel, ƙa'idar ita ce a kaɗa robar ƙasa a kan bugun ƙafa, a kaɗa ta sama a tsakani, ko da an tsallaka wata tsirkiyar. A salon jig, mai tafiya uku-uku, da yawa suna yin ƙasa-sama-ƙasa, su sake farowa da ƙasa. Wannan ƙasa biyu a jere yana gajiyar da tsintsiyar hannu, amma shi ke ba jig tsallensa. Wanda ya yi ƙasa-sama kawai zai fitar da muryoyin daidai, sai dai da wuya ya ta da mai rawa daga kujera. Doguwar murya kuma karkarwar hannu ake cike ta da ita.

Wa ya fito da abin fili?

A Amurka, Bill Monroe ne (1911 zuwa 1996), ɗan jihar Kentaki, uban bluegrass, wani salon kiɗan ƙauyen Amurka. Ya taso yana raka kawunsa Pendleton Vandiver, mai goge, wuraren rawa, sai ya kwashe lafazin gogen ya ɗora a kan mandolin ɗinsa ƙirar Gibson F-5 ta 1923.

Daga ina mai koyo zai fara?

Daga sauraron masu goge, ba masu mandolin ba. Yawancin kiɗan gaɓa biyu ne, kowace a kaɗa ta sau biyu, galibi a D, G ko A. A riƙe gaɓar farko da ka, a hankali, ƙafa tana buga ƙasa, kafin a taɓa ta biyun.