Ƙarar sakacin asibiti kan shanyewar ƙwaƙwalwar yara

Ƙarar sakacin asibiti kan shanyewar ƙwaƙwalwa shari'a ce da iyaye ko waliyyin yaro ke shigarwa a madadinsa, suna neman diyya bisa zargin cewa kuskuren likita, ungozoma ko asibiti ne ya jawo masa lalurar. Shanyewar ƙwaƙwalwa lalura ce ta motsi da tsayuwar jiki, wadda ke samuwa idan ƙwaƙwalwa ta samu rauni tun tana cikin girma, ko a ciki, ko wajen haihuwa, ko a farkon rayuwa. Raunin ba ya ƙaruwa, amma kuma ba ya warkewa. Ana ƙiyasta cewa yara 2 zuwa 3 cikin kowane 1,000 da aka haifa da rai suna da ita. Diyyar irin wannan ƙara tana cikin mafi yawa a shari'o'in lafiya, saboda kuɗin kula da mutum ne tsawon ransa.

Tarihi

Ɗora wa mai magani alhakin ɓarnar hannunsa tsohon abu ne. Dokokin Hammurabi na Babila, wajajen shekara ta 1750 kafin haihuwar Annabi Isa, sun tanadi hukunci ga mai fiɗa idan majinyaci ya mutu a hannunsa. A fiƙihun Musulunci akwai hadisin da Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah suka ruwaito, cewa wanda ya yi magani alhali ba a san shi da ilmin magani ba, ramuwa tana kansa. Malamai sun bambanta jahilin da ya shiga sana'ar da ba tasa ba da gwanin da hannunsa ya kuskure.

Alaƙanta lalurar da wahalar haihuwa kuwa ya faro ne daga likitan ƙashi na Landan, William John Little. A wata lacca da ya gabatar a 1861, wadda aka buga a 1862, ya ce doguwar naƙuda, haihuwar bakwaini da shaƙewar jariri su ne ke haifar da sandarewar gaɓoɓin da yake gani a jikin yara. An daɗe ana kiran lalurar da sunansa. Likita William Osler ya yaɗa sunan Turanci da ake amfani da shi yau, wato cerebral palsy, a wani aiki da ya fitar a 1889. A 1897 Sigmund Freud, wanda a lokacin likitan jijiyoyi ne, ya kawo wani ra'ayi dabam: mai yiwuwa matsalar ta riga ta samu ɗan tayi tun yana ciki, wahalar haihuwar kuma alama ce kawai ta abin da ya riga ya faru. Kusan shekara ɗari maganar Little ce ke da rinjaye, a asibiti da kuma a kotu.

Daga ƙarshen shekarun 1960 na'urar bibiyar bugun zuciyar ɗan tayi ta fara shiga ɗakunan haihuwa. An yi fatan za ta rage yawan lalurar ta hanyar nuna lokacin da ya kamata a yi tiyata. Yawan tiyatar ya ƙaru ƙwarai, amma yawan lalurar a jariran da suka cika wata tara bai ragu yadda aka zata ba. Abin da na'urar ta samar shi ne doguwar takarda mai ɗauke da kowane minti na naƙuda, wadda lauyoyi da ƙwararru za su iya shimfiɗawa a gaban alƙali bayan shekaru. Binciken Karin Nelson da Jonas Ellenberg a Amurka a 1986, da na Eve Blair da Fiona Stanley a Yammacin Ostareliya a 1988, sun dawo da maganar Freud: kaso kaɗan ne na masu lalurar, wajen ɗaya cikin goma, ake iya danganta tasu da rashin iska lokacin naƙuda.

Shari'o'in Birtaniya huɗu sun yi tasiri a ƙasashen da suka gaji dokar Ingila. A shari'ar Bolam ta 1957 aka kafa ƙa'idar cewa likita bai yi sakaci ba idan ya bi hanyar da wani rukuni na amintattun likitoci ya yarda da ita. Shari'ar Bolitho ta 1997 ta ƙara sharaɗin cewa dole ra'ayin rukunin ya kasance mai ma'ana a idon kotu. Shari'ar Whitehouse da Jordan, wadda aka yanke a ƙarshen 1980 ko da yake an fi ambatonta da 1981, ta shafi jaririn da aka yi ta ja da ƙarfen fito da jariri kafin a koma tiyata. Kotun farko ta ba da diyyar fam 100,000, kotun ɗaukaka ƙara ta soke, Majalisar Iyayen Ƙasa kuma, wadda ita ce kotun ƙoli a lokacin, ta tabbatar da sokewar. Yaron ya tashi ba ko kwabo bayan kusan shekara goma sha ɗaya da haihuwarsa.

Ta huɗu ita ce shari'ar Montgomery, wadda Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke a watan Maris na 2015. Uwar ƙaramar mace ce mai ciwon sukari, tana ɗauke da babban jariri. Akwai haɗarin kashi 9 zuwa 10 cikin ɗari cewa kafaɗar jaririn za ta maƙale, amma likitarta ba ta faɗa mata ba, ba ta kuma ba ta zaɓin tiyata ba. Kafaɗar ta maƙale a haihuwar da aka yi a 1999, aka ɗauki kimanin minti 12 kafin a fito da shi, cibiya ta danne, yaron ya samu lalurar. Kotun ta ce wajibi ne a sanar da majinyaci duk haɗarin da mai hankali a matsayinsa zai ɗauka da muhimmanci. An ba da diyyar fam miliyan 5.25.

Abin da mai ƙara zai tabbatar

Abu huɗu ne: cewa akwai nauyin kulawa a kan wanda ake ƙara, cewa ya gaza sauke shi, cewa gazawar ce ta jawo raunin, da kuma girman asarar. Na farko ba a cika jayayya a kansa ba. Zargin da aka fi kawowa kan na biyu sun haɗa da jinkirta tiyata bayan bugun zuciyar ɗan tayi ya nuna yana galabaita, ba da maganin ƙara naƙuda fiye da kima, rashin gane yagewar mahaifa ko rabuwar mabiyiya, da jinkirin farfaɗo da jaririn da bai yi kuka ba. Bayan haihuwa akwai shawarar jarirai da aka bari ta yi tsanani har ta taɓa ƙwaƙwalwa, da faɗuwar sukarin jini, da sanƙarau da ba a gano da wuri ba. Shawara ta fi ban takaici a cikinsu, don gwajin jini da hasken fitila na musamman kan isa a tare ta.

Na uku shi ne inda yawancin ƙararraki ke faɗuwa. Ana iya tabbatar da cewa an yi sakaci, a kuma kasa tabbatar da cewa da ba a yi shi ba yaron zai tsira. Asibiti kan kawo wasu dalilai: haihuwar bakwaini, cuta a lokacin goyon ciki, toshewar jijiyar jini a ƙwaƙwalwar ɗan tayi, ko gado. Wani kwamitin ƙasa da ƙasa ya fitar da ma'aunai a 1999, ƙungiyoyin likitocin haihuwa da na yara na Amurka kuma suka sabunta su a 2003 da 2014. Ma'aunan 2003 sun nemi a ga tsamin jinin cibiya ya yi yawa (pH ƙasa da 7.0), da alamun taɓuwar ƙwaƙwalwa tun sa'o'in farko a jaririn da ya kai mako 34, da nau'in lalurar da ya dace da rashin iska, da kore sauran dalilai. Lauyoyin masu ƙara suna ganin ma'aunan sun yi tsauri. Likitoci da dama suna ganin kotuna na yin sassauci.

Neman lauya da tara hujja

Matakin farko shi ne neman kwafin duk takardun asibiti na uwa da na jariri: bayanan awon ciki, takardar bibiyar naƙuda, makin Apgar (awon lafiyar jariri da zarar an haife shi) na minti ɗaya da biyar, sakamakon gwajin jini, da hoton ƙwaƙwalwa na MRI, wanda sau da yawa yakan nuna lokacin da raunin ya faru. Idan an sanyaya jikin jariri na sa'a 72, magani da ake farawa cikin sa'a shida da haihuwa, wannan ma alama ce da lauya zai duba. Yana da amfani iyaye su rubuta abin da suka gani da wanda aka gaya musu tun suna tune da shi.

Lauyan da ya ƙware a shari'ar lafiya ake nema, domin aikin ya dogara ga rahoton ƙwararru masu zaman kansu: likitan haihuwa, ungozoma, likitan jarirai, likitan jijiyoyin yara da mai karanta hoton ƙwaƙwalwa. Lauya nagari yakan gaya wa iyaye gaskiya tun farko idan rahotannin ba su goyi bayansu ba. A Amurka lauya kan ɗauki kaso daga diyya, galibi wajen kashi ɗaya cikin uku, ba ya karɓar lada idan an faɗi. A Ingila da Wales dokar da ta fara aiki a 2013 ta janye tallafin shari'a daga yawancin ƙararrakin lafiya, amma ta bar shi ga jariran da suka samu mummunan raunin ƙwaƙwalwa a ciki, wajen haihuwa ko a makonni takwas na farko.

Kai ƙorafi ga hukumar ladabtar da likitoci hanya ce dabam; tana iya hukunta ma'aikaci, amma yawanci ba ta ba da diyya.

Wa'adi

Wa'adin shigar da ƙara ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Ingila shekara uku ne a dokar 1980, amma ga yaro ba ya fara ƙirguwa sai ya cika 18, kuma ba ya ƙirguwa ga wanda ba zai iya tafiyar da al'amuransa ba. Wasu jihohin Amurka da wasu ƙasashe suna da gajeren wa'adi, musamman idan asibitin gwamnati ake ƙara. Jinkiri na sa takardu su ɓace, shaidu su watse.

Diyya

Ana lissafa kuɗin masu jinya dare da rana, gashin ƙashi da koyar da magana, keken guragu da sauran kayan aiki, gyaran gida, karatu na musamman, da abin da yaron zai samu da ya iya aiki. Tsawon ran da ake hasashe shi ne babban abin jayayya a lissafin. Yawancin ƙararraki da sulhu suke ƙarewa, kuma a ƙasashe da yawa sai alƙali ya amince da sulhun da aka yi a madadin yaro. A Ingila akan biya wani kaso dunƙule, sauran kuma duk shekara muddin yana raye.

Tsarin biya ba tare da neman mai laifi ba

A Amurka, jihar Bajiniya a 1987 da ta Fulorida a 1988 sun kafa asusun biyan jariran da suka samu raunin ƙwaƙwalwa wajen haihuwa ba tare da an je kotu ba. Japan ta fara nata a Janairun 2009, inda ake biyan yen miliyan 30: miliyan 6 a tashin farko, sauran kuma a rarrabe cikin shekara 20, tare da binciken musabbabi da ake miƙa wa iyaye da asibitin. Masu goyon baya na nuna saurin biya. Masu suka na cewa kuɗin bai kai abin da kotu kan bayar ba.