Gyaran gida da adonsa a ƙasar Hausa

Gyaran gida shi ne duk aikin da ake yi wa ginannen gida domin a ƙara masa ƙarko, ko a sauya masa fasali, ko a ƙawata shi, ba tare da an rushe shi gaba ɗaya ba. A ƙasar Hausa aikin ya kasu gida biyu tun asali. Ginin kansa da fuskar gida da zaure suna wuyan maigida, shi yake kiran magina ya biya su. Cikin ɗaki kuwa na mace ne, ita da danginta suke shirya shi da kayan da iyayenta suka yi mata. Wannan rabo yana nan har yau, ko da yake bulo ya maye gurbin tubali a birane, tayil kuma ya kori daɓe.

Ginin ƙasa da gyaransa

Gidan gargajiya da tubali ake tayar da shi, wato curin ƙasa mai faɗin gindi da tsinin kai wanda ake shanyawa a rana. Ana jera shi a tsaye, a cike tsakaninsa da kwaɓaɓɓiyar ƙasa da aka tattake da ciyawa. Bangon yakan yi kauri a ƙasa, ya riƙa sirancewa yana hawa. Rufin soro kuma da azara ake yin sa, itacen giginya da aka tsaga, saboda gara ba ta cika cin ta ba. Azara ɗaya ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa a tazarar da ta wuce kimanin mita 2, shi ya sa ɗakunan talakawa suke da ƙunci. Mai son faffaɗan soro sai ya nemi gwanin da ya iya bakan gizo da ɗaurin guga, inda ake ɗaure azara a kan azara har su lanƙwaso su haɗe a tsakiyar rufi.

Irin wannan gini ba a gama shi a huta. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka akan yi yaɓe, a toshe tsagar bango, a sake shafe saman soro, a gyara indararo don kada ruwa ya kwanta. Bangon gabas ya fi shan wuya, domin ta can hadari yake tasowa. Magina suna da magungunansu na ruwa. Akwai makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, a jiƙa a kwaɓa da ƙasa a shafe bango. Akwai katsi, wanda ake kwasowa daga gindin rijiyar marina a ƙona, sannan akwai laso, haɗin katsi da gashin jima da ruwan saiwar dafara, wanda ya fi su tsada kuma ya fi su daɗewa. Daɓen ƙasa aikin mata ne. Sukan taru da maɗaɓai, a zuba tsakuwa a yayyafa ruwan makuba, suna bugu suna waƙa har ƙasar ta yi santsi da duhu.

Sana'ar tana da shugabanni, Sarkin Magina a kowane babban gari. Wanda ya fi shahara a tarihinta shi ne Muhammadu Durugu, da ake kira Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, tsakanin shekarun 1830 da 1840. Har yanzu akwai unguwa mai sunansa a birnin Zariya. A Nijar kuma Falke Barmu ya fara masallacin garin Yaama na jihar Tawa a 1962, ya yi ta ƙara masa gini da ado, har aikin ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Wanda yake son ganin cikin soro irin na da zai iya zuwa Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa a Kano, ko ya zaga unguwar Birni a Damagaram.

Fuskar gida

Adon waje a ƙofar gida yake taruwa. Zankwaye a saman soro, zane a kewayen ƙofar zaure, wani lokaci da dakali a gefe. Zanen iri uku ne. Akwai wanda magini yake fitarwa da hannu a kan ɗanyen yaɓe ya yi tudu, akwai wanda ake karta a jikin ɗanyen siminti da wuƙa ko ƙusa, akwai kuma na fenti a kan farar ƙasa. Dagi ne ya fi yawa, tare da takobi da allo da wata da tauraro. A tsakiyar ƙarni na 20, lokacin da kuɗin gyaɗa da auduga suka shiga hannun 'yan kasuwa, sai aka fara ganin keke da agogo da mota da jirgin sama a bangon gidajen Zariya da Kano. Mai gida yana shelar abin da ya mallaka ne, ko abin da ya hau ya je Makka.

Yanzu wannan shelar ta koma jikin get. Ƙofar ƙarfe mai ado, tayil ko dutsen ado a jikin katanga, fitilu a kan ginshiƙai. Masu zanen dagi ba su ƙare ba, amma aikinsu ya fi komawa fadoji da otal-otal da ofisoshin gwamnati, inda ake yin sa da siminti a shafa masa fenti mai ƙyalli, sau da yawa da launuka fiye da kima.

Jeren ɗaki

A al'ada miji ne yake samar da ɗaki ya yi masa shafe da fenti, iyayen amarya su cika shi. Kwana ɗaya ko biyu kafin kai amarya, 'yan jere, wato gwaggwanni da innoni da yayyenta, sukan je su shirya kayan. Jeren da can na ƙorai ne da akussa da faifai da tasoshin tagulla. Daga baya kwanuka masu fure suka shigo, aka koma jera kwalla da samira da langa da kumbo, babba a ƙasa ƙarami a sama, hawa-hawa har su kusa taɓa rufi, a kafe ƙananan faranti a bango da danƙo. Gadon ƙarfe mai rumfa da tulin katifu da matasai yana gefe guda. Bayan su kabet mai gilashi ta zo da tangaran, sannan saitin gado da sif da madubi da kujerun falo irin na yau.

Kayan nan dukiyar mace ce. Idan aure ya mutu da su take fita, idan wata larura ta taso tana iya sayar da kwalla biyu ta yi maganinta, idan 'yarta ta isa aure ta rage mata wasu. Don haka jere ado ne kuma asusu ne, abin da masu sukar almubazzarancin kayan ɗaki sukan manta. Sai dai kayan yanzu ba su riƙe kuɗi kamar na da. Gadon da aka yi da garin katako da aka matse yana da kyan gani ranar jere, amma da ya sha danshi ko aka kwance shi sau biyu a tashin haya, ya gama aiki. Maɗaci da sauran katako mai nauyi sun fi shi nesa ba kusa ba, ko da fentinsu bai kai nasa sheƙi ba.

Gyaran zamani

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma ta hanyarsa kwanon rufi da siminti suka fara samuwa a Arewa. Masana'antar siminti ta Kalambaina a Sakkwato ta fara aiki a shekarun 1960, ta Ashaka da ke jihar Gombe ta biyo baya a ƙarshen shekarun 1970, Nijar kuma tana da tata a Malbaza. Yau mai gyara a Kano yakan nufi Ƙofar Ruwa don rodi da kayan gini, Na'ibawa don katako, Kantin Kwari don labule. Na Yamai yakan nufi kasuwar Katako.

Gyaran da aka fi yi a tsofaffin gidaje shi ne cire rufin ƙasa a buga kwano, da yi wa bango fulasta. Duka biyun suna da illar da ba a cika faɗa ba. Kwano ba silin yakan mai da ɗaki tanderu a watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi yake kai digiri 40, alhali soron ƙasa yana riƙe sanyin dare har tsakar rana. Maganinsa silin ne, da barin tazara da kafofin iska tsakaninsa da kwano. Siminti a kan bangon ƙasa kuwa ba ya kamawa da kyau. Ƙasa tana shan danshi ta kumbura, ta bushe ta tsuke, siminti kuma ba ya motsi. Ruwa ya sami tsaga ya shiga, ya rasa hanyar fita, ya ci bangon ta ciki. Daga waje gida fes, sai wata rana a watan Agusta fulastar ta zube gaba ɗaya, wani lokaci da bangon. Magina sukan kafa ƙusoshi ko ragar waya kafin su yi fulastar, hakan yana jinkirta ɓarnar, amma gindin bango da aka ɗaga da dutse ko bulo da kuma rufi mai leɓe da yake kore ruwa nesa sun fi amfani.

Sauran gyare-gyaren sanannu ne. Ana haɗe ɗakuna biyu su zama ciki da falo, a fitar da banɗaki a cikin ɗaki, a sa tayil, a yi silin POP da fitilu a ɓoye, a mayar da murhun tsakar gida kicin mai kabet da gas. Wajen fasa bango ne ake yin ganganci. Bangon da yake ɗauke da rufi ko bene ba a taɓa shi sai an zuba linta mai rodi, kuma ɗora bene a kan harsashin da aka haƙa don gida marar bene yana cikin manyan dalilan ruftawar gini. Wajen banɗaki kuma akan kula kada mai zama ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya, sannan a nisanta sokawe da rijiya. Tsohon silin asbestos da yake gidajen gwamnati na da yana da haɗari idan aka farfasa shi, domin ƙurarsa tana lalata huhu, don haka jiƙa shi ake yi a cire shi ɗungurungum.

Zaure ma yana ɓacewa. A gidajen bakin titi an mai da shi shago, a sababbin unguwanni falon baƙi mai ƙofa ta waje ya karɓi aikinsa. Buƙatar dai ba ta sauya ba, ana son inda namiji baƙo zai zauna ba tare da ya hango tsakar gida ba, kuma tsarin da ya manta da wannan yakan sha gyara bayan an tare. Tsakar gida kanta tana shan matsi. A gidajen gado, inda kowane magaji yake yanke rabonsa ya ja katanga, sai a wayi gari babu wurin shanya, babu inda iska za ta ratsa, an sare darbejiyar da take ba da inuwa.

Abin da yake ƙara wa gida kuɗi

Dillalan gidaje sun san cewa abin da ya fi burge ido ba lalle ne ya ɗaga farashi ba. Mai saye da hankali yakan fara tambayar takarda. A Najeriya, dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamnan jiha, don haka gida mai takardar shaidar mallaka ya fi wanda yake da takardar ciniki ta mai unguwa kaɗai daraja, kuma shi banki yake karɓa jingina. Ƙarin gini, musamman bene ko shago a bakin titi, yana buƙatar izinin hukumar tsara birane, kamar KNUPDA a Kano. Wanda ya tsallake wannan yana iya wayar gari da jan fenti a katangarsa.

Bayan takarda sai ruwa. Rijiyar burtsatse da tanki a sama suna sauya kuɗin haya nan take a unguwar da ake sayen ruwa a kura. Sai wuta: waya mai kyau a cikin bango, da sola da batura inda hali ya yi. Sai magudana da tsayin daɓen gida a kan titi, domin gidan da kwata take komowa cikinsa da damina ba ya ɓoyuwa, layin danshi yana nan a gindin bango ko an rufe shi da sabon fenti. Shago a gaban gida yana kawo kuɗin shiga, amma yana rage sirri, kuma wasu masu saye suna gudunsa saboda haka.

Ado mai bin yayi shi ne ya fi saurin tsufa. Silin mai hawa uku da fitilu masu launi, ko takardar bango mai zane, ko tayil mai santsi da tsofaffi suke zamewa a kansa da ruwan alwala, duk suna cin kuɗi, kuma sabon mai gida yakan fara da cire su. Launin fenti ma yana da ruwa da yanayi. Fari tas a waje ba ya jure ƙurar hunturu, shi ya sa ruwan ƙasa da ruwan madara suka fi yawa. A ciki kuwa akan yi wa rabin bango na ƙasa fentin mai, wanda ake gogewa da tsumma, musamman a gidan da yake da yara.

Lokacin aiki da biyan ma'aikata

An fi yin gyara da rani, daga ƙarshen damina zuwa bazara, ban da fenti da sauya labule waɗanda kasuwarsu take tashi gab da Sallah da lokacin bukukuwa. Fulasta da bulo suna son ban ruwa na kwanaki, kuma a busasshiyar iskar hunturu sukan tsattsage idan aka yi sakaci da shi. Biyan ma'aikata iri biyu ne. Ko a yi jinga, a yanke kuɗin aikin gaba ɗaya, ko a biya birkila da leburorinsa kullum. Mai jinga yakan yi sauri, wani lokaci saurin da yake cin ingancin aiki, mai kuɗin yini kuma ba ya gaggawar gamawa. Yawancin masu gida sukan sayo kayan da kansu, su ba da jingar aikin hannu kawai, su riƙa ƙirga buhunan siminti da yamma, saboda yawan yashin da aka zuba wa buhu ɗaya mai kilo 50 shi yake nuna ko bulon zai yi ƙarfi ko zai marmashe a hannu.