Diehard: asalin kalmar

Diehard kalma ce ta Ingilishi da ake kiran mutumin da ya ƙi ajiye makami ko ya ƙi miƙa wuya, ko da ta bayyana cewa an ci shi da yaƙi. A yau ta fi nufin mai taurin kai a kan ra'ayi, wanda Bahaushe zai ce wa ɗan ga-ni-kashe-ni.

Kalmomi biyu aka haɗa. Die, wato mutuwa, masana sun fi karkata ga cewa daga tsohon harshen Norse na mutanen Viking, mazauna arewacin Turai, aka aro ta, domin tsohon Ingilishi da wasu kalmomi yake faɗin mutuwa, ɗaya daga ciki steorfan, wadda ta zama starve, mutuwa da yunwa. Hard kuwa, wato mai tauri ko mai wuya, gadon gida ce, daga kalmar tsohon Ingilishi heard.

Ba a fagen fama furucin ya fara ba. A ƙarni na 18 ana faɗinsa ne kan masu laifin da ake ratayewa a Tyburn, a Landan, musamman wanda ya je ga igiya bai tuba ba, bai nuna tsoro ba. Lokacin ba yabo ba ne.

Yaƙin Albuera ne ya wanke kalmar. Ranar 16 ga Mayu, 1811, sojojin Birtaniya da Sifaniya da Fotugal ƙarƙashin kwamandansu Beresford suka gwabza da na Faransa ƙarƙashin kwamandansu Soult a ƙauyen Albuera, kusa da birnin Badajoz a Sifaniya. An ji wa Kanar William Inglis na runduna ta 57 mummunan rauni, ya ƙi a ɗauke shi daga gaba. An ruwaito yana kwance yana ta ce wa yaransa "Die hard, 57th, die hard!", wato kada su sayar da ransu da araha. Kusan kashi biyu cikin uku na rundunar suka mutu ko suka jikkata, aka kuma laƙaba mata suna Die-Hards. Laƙabin ya bi ta har bayan da aka narkar da ita cikin rundunar Middlesex a 1881.

Shekara ɗari daidai bayan Albuera kalmar ta shiga siyasa. A 1911 aka kira dattawan jam'iyyar Conservative da suka ƙi yarda a rage ikon Majalisar Dattawan Birtaniya diehards. Jagoransu Lord Halsbury yana da shekara 87. An kayar da su da ƙuri'a 131 kan 114. Daga baya magoya bayan ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa suka gaji sunan.