Cron

Cron wata ƙaramar manhaja ce da ke zaune shiru a cikin tsarin Unix, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, da danginsa irin su Linux, FreeBSD da macOS, aikinta kawai ta riƙa tayar da umarni a lokacin da aka ɗibar masa, ba sai mutum yana zaune gaban kwamfuta ba. Masu kula da sabar, wato kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima, da ita suke kwafe bayanai da tsakar dare, su share tsofaffin fayiloli, ko su tura rahoto duk safiyar Litinin. Sunan daga kalmar Girkanci chronos aka samo shi, wato lokaci.

A Bell Labs ta Amurka aka fara ta cikin shekarun 1970, kuma tana cikin Unix bugu na 7 da ya fito a 1979. Lokacin ba wani wayo gare ta ba, duk minti ɗaya za ta farka ta karanta fayil guda, in akwai abin da lokacinsa ya yi ta aiwatar da shi da ikon root, wato asusun da ke da cikakken iko a na'urar, sai ta koma barci. A 1987 Paul Vixie ya rubuta tasa, kuma yawancin cron ɗin da ake gani a Linux da BSD yau jikokinta ne.

Jadawalin da take bi shi ake kira crontab, kowane mai amfani da na'urar yana da nasa. Layi ɗaya aiki ɗaya, gurabe biyar na lokaci sannan umarnin: minti daga 0 zuwa 59, awa daga 0 zuwa 23, ranar wata daga 1 zuwa 31, wata daga 1 zuwa 12, sai ranar mako daga 0 zuwa 6, inda 0 take Lahadi (a cron ɗin Vixie 7 ma Lahadi ce). Tauraro (*) yana nufin ko yaushe. To in ka ga

30 2 * * * /usr/local/bin/ajiya.sh

ma'anarsa kullum ƙarfe 2:30 na dare a tayar da ajiya.sh. In aka sa */15 a gurbin farko, duk bayan minti 15 ke nan. Akwai kuma gajerun hanyoyi irin @daily (kullum sau ɗaya) da @reboot (duk lokacin da aka kunna na'ura). Shi kuwa /etc/crontab na na'ura gaba ɗaya yana da ƙarin gurbi na shida, inda ake rubuta sunan wanda aikin zai gudana da ikonsa.

Wani tarko da ke kama har tsofaffin hannu, in ka cike ranar wata da ranar mako duk biyun, cron ba ta jiran su haɗu, ko wacce ta zo aikin zai tashi. Ka rubuta 0 9 13 * 5 kana nufin Juma'ar da ta faɗo 13 ga wata, ita kuwa za ta yi maka aikin duk Juma'a da kuma duk 13 ga wata.

Amma inda aka fi shan wuya shi ne muhalli. Za ka gwada umarni a taminal, inda ake rubuta wa kwamfuta umarni, ya yi aiki lafiya lau, ka zuba shi a crontab ka tafi ka kwanta, da safe ka tarar ko motsi bai yi ba, dalili kuwa cron ba ta karanta saitukan da shel ɗinka, wato manhajar da ke karɓar umarninka, ke lodawa in ka shiga, PATH ɗinta, wato jerin wuraren da take neman umarni, gajere ne, galibi /usr/bin da /bin kawai, kuma da shel ɗin /bin/sh take aiki ba lallai na bash ba. Shi ya sa ake rubuta cikakkiyar hanyar kowane fayil. Alamar % ma tana da nata rikicin, cron na ɗaukar ta a matsayin sabon layi, sai an sa mata \ a gaba, wanda duk ya taɓa sa umarnin date, mai amfani da % wajen tsara kwanan wata, a crontab ya san zancen. Duk abin da aikin ya fitar kuma ta imel take turo shi ga mai crontab ɗin ko adireshin da aka sa a MAILTO, in babu manhajar imel a na'urar kuwa kuskuren ya bi iska, don haka mutane ke karkatar da shi zuwa fayil.

Gyara da crontab -e ake yi, dubawa da crontab -l. Shi kuma crontab -r sharewa yake yi gaba ɗaya ba tare da ya tambaye ka ko ka tabbata ba, ga shi e da r maƙwabtan juna ne a kibod. Ni kaina na taɓa kwashe jadawalin wata sabar a wurin aiki da yatsa ɗaya, tun daga ranar nake ajiye kwafi a gefe.

Cron ba ta rama bashi. In ƙarfe 2:30 ta yi na'ura tana kashe, misali an ɗauke wuta batir ya mutu, aikin ranar ya wuce ke nan sai gobe. Don toshe wannan aka yi anacron, wadda ke rubuta ranar da aiki ya gudana na ƙarshe, ta biya shi da zarar an kunna. Haka kuma cron ba ta duba ko aikin ɗazu ya gama kafin ta tayar da sabo, sai an haɗa da umarnin kullewa na flock a Linux don kar su hau kan juna. Yawancin Linux na yanzu suna da timer na systemd, manhajar da ke kula da ayyukan na'ura, da ke iya waɗannan, amma umarnin crontab yana cikin ƙa'idar POSIX da dangin Unix ke bi, kuma salon gurabe biyar ɗin nan shi manhajoji irin Kubernetes da GitHub Actions suka ara wajen tsara lokutan ayyukansu.