Verubecestat (Maganin Gwaji na Cutar Mantuwa)

Verubecestat, wanda a takardun bincike ake rubuta shi MK-8931, wani magani ne na gwaji da kamfanin Merck na Amurka ya haɗa don cutar Alzheimer, wato irin mantuwar nan mai tsanani da mu nan Bauchi muke jefawa cikin kwandon gigin tsufa. Ƙwaya ce ta haɗiya sau ɗaya a rana, amma fa bai taɓa samun lasisi ba, don haka ko ka zaga kemis-kemis ɗin Wunti kaf ba za ka same shi ba.

Yadda yake aiki sai an ɗan koma cikin ƙwaƙwalwa. Akwai wani furotin da ake kira APP a jikin ƙwayoyin jijiya, sai wani enzayim (sinadarin jiki mai sarrafa wasu sinadarai) mai suna BACE1, wanda aka gano a 1999, yana yanka shi kamar almakashin tela, wani enzayim ɗin kuma ya ƙara yanka na biyu, guntun da ya fita shi ne amiloyid, shi ne yake taruwa yana daskarewa a ƙwaƙwalwar masu cutar. To masana suka ce ai sai a dakushe almakashin farko, in ba yanka ba guntu. Aikin verubecestat kenan, ya je ya toshe bakin BACE1.

Kuma ya toshe ɗin, nan ne abin mamakin yake. A babban gwajin da aka kira EPOCH an sa mutum kusan 2,000 masu cutar daga mara tsanani zuwa matsakaiciya, wasu na shan miligiram 12 wasu 40 wasu kuma ƙwayar da ba komai a cikinta, amiloyid ɗin cikin ruwan laka ya ragu da sama da kashi 60 cikin 100 amma mantuwar ko gezau, mai tambayar jikarsa "ke 'yar wace ce?" yana nan yana tambaya. A Fabrairun 2017 aka tsayar da gwajin. Aka ce wataƙila an makara ne, ɓarnar ta riga ta auku, sai aka zuba ido ga ɗaya gwajin, APECS, na waɗanda cutar ke farawa, shi ma a Fabrairun 2018 aka rufe shi, har ma aka ga masu shan babban awon tunaninsu ya ɗan fi lalacewa.

Illolinsa akwai ƙuraje, yawan faɗuwa, rashin barci, rama, da canjin launin gashi, wannan na ƙarshen ana danganta shi da taɓa ɗan'uwan BACE1, wato BACE2, mai hannu a launin gashi da fata. Shi kansa BACE1 ba APP kaɗai yake yanka ba, yana da wasu ayyukan a jijiya, kashe shi gaba ɗaya kam ba ƙaramin kasada ba ne.

'Yan gidansu, wato sauran magungunan toshe BACE1, su ma haka suka ƙare, lanabecestat da atabecestat a 2018, umibecestat da elenbecestat a 2019. Kar a rikita verubecestat da donepezil, shi ma enzayim yake toshewa amma wani daban, mai rusa sinadarin asetilkolin da jijiyoyi ke aika saƙo da shi, kuma shi yana da lasisi tun 1996, irinsa ne likita zai iya rubuta wa tsoho a asibitin koyarwa na Bauchi ko na Gombe, yana ɗan sassauta alamomi ne kawai, ba ya tsayar da cutar.