Matan cocin Mormon: me suke cewa game da matsayinsu?

Su wane ne 'yan Mormon?

Mabiya cocin da Joseph Smith ya kafa ne a jihar New York ta Amurka a 1830. Hedikwatarsu tana Salt Lake City a jihar Utah, kuma suna da babban wurin ibada a Aba da Accra.

Mace tana shugabanci a cikinsu?

Tana yi, amma a kan 'yan'uwanta mata da yara. Ƙungiyarsu ta Relief Society, wadda aka kafa a garin Nauvoo na Amurka a 1842 da Emma Smith, matar Joseph Smith, a matsayin shugaba, ita ke duba marasa lafiya da mabuƙata. Mata suna wa'azi a taron Lahadi, suna kuma fita yaɗa addini. Sai dai firistanci, wato matsayin limanci a cocin, na maza ne kaɗai. Yaro ɗan shekara 12 yana raba jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan da ake ba masu ibada don tunawa da Yesu, uwarsa kuwa ba ta da wannan izini. Kuɗi, hukunci da naɗin muƙami duk sai da yardar bishop, wato namijin da ke shugabantar majami'ar yankinsu.

Wannan yana damun su?

A nan ne kan matan ya rabu. Da yawa suna cewa Allah ne ya raba aiki, ba su ga tauye haƙƙi ba. Wasu masu ibada sosai suna neman gyara daga ciki, suna tuna cewa kakanninsu mata sun riƙa ɗora wa marasa lafiya hannu da addu'a har farkon ƙarni na 20, kafin a hana. Wannan hujja tana da nauyi a ganina, tunda daga tarihin cocin kanta ta fito.

Akwai kuma masu neman firistancin gaba ɗaya. Kate Kelly ta kafa ƙungiyar Ordain Women a 2013, aka kore ta daga cocin a 2014. Sonia Johnson ma korar ta aka yi a 1979, bayan ta soki yadda cocin ta yaƙi gyaran tsarin mulkin Amurka na daidaita maza da mata.

An samu wani sauyi?

Ƙalilan. A 2013 mace ta yi addu'a a babban taron cocin karo na farko, a 2019 kuma aka amince mata su zama shaidu wurin baftisma.

Auren mace fiye da ɗaya fa?

Cocin ta ba da sanarwar dainawa a 1890, yanzu mai yin sa korar sa ake yi. Amma batun kishiya bai mutu ba. Sun yi imani auren da aka ɗaura a babban wurin ibada yana zarcewa har lahira. Namijin da matarsa ta rasu zai iya sake ɗaura irin wannan aure ba tare da an warware na farko ba, ita kuwa mace mai rai miji ɗaya take da shi a wannan ɗauri. Shi ya sa wasu matan ke tambayar shugabanninsu ko kishiya na jiran su a lahira.